Safar Ƙafar Hagu

Da aka yi sabuwar dokar nan ta sakin fursunoni kafin wa'adinsu ya cika, masu magana a rediyo sun yi ta yabonta har na gaji na kashe. Wai gara mutum ya ƙarasa sauran zamansa a cikin danginsa. Sharuɗɗan ba yawa: a samu mai gidan da zai karɓe shi, kada ya bar gunduma, kada faɗuwar rana ta same shi a waje, sannan a ɗaura masa wata na'ura a idon sawu. Su na'urar sa ido suke ce mata. Ni mari nake cewa, don ban san wani sunan da ake ba abin da aka ɗaura wa mutum a ƙafa ya kasa cirewa ba.

Waɗanda suka rubuta dokar a Bishkek, babban birninmu, na tabbata a kan kujera suke cin abinci da takalmansu a ƙafa. Da sun tuna yadda muke zama a garinmu At-Bashi, mu tuɓe takalmi a bakin ƙofa, mu tanƙwashe ƙafa a kan shimfiɗa kowa na ganin sawun kowa, da sun nemi wani wurin ɗaurawa.

Sagin ɗan ƙawata Ayimkan ne, wadda ke ƙauyen ƙetaren kogi. Motar da yake tuƙawa aka kama da dawakan sata, aka ɗaure shi. Yayansa Toktosun ya ce wa tsohuwar ya tafi aikin gini Rasha, da yake idonta ya riga ya mutu, kuma kowa ya kama masa ƙaryar. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da doka ta zo, sai ga Toktosun a ƙofata yana murza hula.

"Inna Burul, ki rufa mana asiri ki karɓe shi. In ya shiga gidanmu ya tuɓe takalmi, kowa ya ga abin nan, magana ta kai kunnen tsohuwa. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Zuciyarta ko fuskarka?" na ce.

Na karɓa dai. Mijina ya rasu, ɗana kuwa da gaske yana Rasha, ɗakinsa ba mai kwana sai sanyi.

Ban taɓa zama da mutum mai shiru irin Sagin ba. Da safe ya tafi wurin masu sayar da gawayi ya yi ta loda buhu, kafin la'asar sakaliya ya dawo. In aka gayyace shi shan shayi sai ya ce yana sauri. Masallaci ma ya daina zuwa, tunda can ma sai an tuɓe takalmi. In ya shigo sai ya zauna jikin bango ya jona marin da wuta, ya miƙe ƙafa kamar akuyar da aka ɗaure a turke, yana kallon dogayen itatuwan ƙauyensu ta taga. Tausayinsa ya riƙa hana ni cin abinci da daɗi.

Har zuwa lokacin ba wanda ya juya masa ruwa. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ko asibiti, ko soja, ai ba ya tsallake ƙofa sai babbar mace ta gidan ta zagaya kansa da kwanon ruwa, ya tofa a ciki, ta zubar can gefe ta kife kwanon, wahalar hanya ta bi ruwan. Rannan na cika kwano na tare shi.

"A'a, Inna," ya ce. "Wannan na tsohuwata ne. In kika yi, me zan kai mata?"

Na zuba ruwan a gindin itace ina jin haushin kowa da kowa.

Haushin na sauke shi a kan Meerim, ma'aikaciyar da ke zuwa duba shi. Na ce da ita yana kurkuku uwarsa na da nisa, yanzu ga rufin gidanta yana gani, wanne ya fi zafi?

"Inna, doka ba ta hana shi ba," in ji ta. "Ƙauyen yana cikin gunduma. Ya je, ya dawo kafin rana ta faɗi."

"Ki cire masa na yini ɗaya mana."

"Wallahi ba ni da ikon haka."

Gaskiya ta faɗa, amma ban ba ta shayi ba ranar.

Da aka fara sauko da dabbobi daga tsauni, na ji labarin Ayimkan ba ta tashi sosai. Na soya borsok, irin fankenmu, na hau mota na je. Na same ta jingine da matashi tana saƙa da laluben hannu, ta rame ƙwarai. Muka gaisa, muka zagi tsufa. Tana jin surukarta ta fita ɗebo ruwa sai ta kamo hannuna.

"Burul, wace ƙafar ce?"

Na ce wace ƙafa kuma.

"Kar ki raina mini hankali, tare muka yi 'yammatanci. Makancewa na yi, ban kurmance ba. Rediyon da kike ji shi nake ji. Ta dama ko ta hagu?"

"Ta hagu," na ce. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da Toktosun ya fara yi mini magana da taushi. Yaron da tun yana goye bai iya lallashi ba. Na ƙyale shi, ƙaryar nan ce kaɗai alherin da ya iya." Ta ci gaba da saƙarta. "Ki dawo ran Juma'a."

Ran Juma'a ta ba ni safa ta ulu mai kauri. Ta daman daidai ƙafar mutum, ta hagun kuwa wuyanta da faɗi, ninki biyu. Da na miƙa wa Sagin ya juya su a hannu, ya gwada faɗinsu da yatsa, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ban bi shi ba.

Ran Lahadi muka tafi tare. Ya sayi alewa da ɗankwali ya zuba a jaka, kamar mai dawowa daga Rasha. Toktosun ya gan mu a bakin shinge, fuskarsa ta yi fari, amma tsohuwa ta riga ta sa an fito da ita, da kwanon ruwa a hannunta. Sagin ya sunkuya sosai don ta kai. Ta zagaya kansa, ya tofa, surukar ta zubar ta kife kwanon a bakin ƙofa.

Ya tuɓe takalmi, safar ta rufe komai. Aka zauna, maƙwabta suka cika ɗaki suna tambayar sanyin Mosko, yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya. Ayimkan ta sa shi kusa da ita, ta ɗora hannu a idon sawunsa na hagu, a kan abin.

"Rasha ta ramar da kai," ta ce.

Hannun bai ɗaga ba har aka gama shayi, aka ci nama, aka sake shayi. Ni kuwa ina kallon hasken taga yana ja da baya. Sagin ma yana gani, amma da wane baki mutumin da ya dawo daga Rasha zai ce ba zai kwana gidan uwarsa ba?

Tsohuwar ce ta janye hannunta, ta gyara masa wuyan safar.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Kada rana ta faɗi."