Koren Mazari a Fadamar Jyrki

…kuma ga mazarin ya faɗa raga. Na kama shi, Jyrki, ga shi tsakanin yatsuna, fukafukai a haɗe yadda ka nuna min. Idanu kore shar. To amma na jiya ma kore ne. Na shekaranjiya ma…

Ruwa ya shiga takalmin roba. Shekara arba'in ina tsinkar 'ya'yan hilla, 'yan ƙananan nan masu zaƙi, a fadamar nan, ban taɓa ɗaga kai na dubi mazari ba. Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba, ni zan bambance mazarin da kuke kira ɗan arewa da 'yan'uwansa? Juma'a hukuma za ta rufe karɓar shaidar cewa yana zaune a fadamar nan. In babu hotonsa, motocin haƙa su shigo, su tsotse ruwan. Kai kuwa tun da kuɗin bincikenka ya yanke kana kwance, wata uku, fuska a bango, labule a sake. Miyar kifin da na ajiye maka tana nan yadda take.

"Tuulikki, a shekarunki kike bin ƙwari da raga? Ko miji kike farauta?" Maƙwabcinmu Pentti ke nan da zan fito, yana dariya ta kan shinge. Ya yi ta yi.

Kwana huɗu ina ɗaukar hoton fuskarsu. Ai mutum ta fuska ake gane shi, ko ba haka ba? Ɗigo biyu rawaya a goshi… ko layi ne? Na tura maka, na tura. Jiya wayar ta yi ƙara, saƙonka ne. "Wutsiya, Mama. Daga sama. Kamar awartaki." Kalma shida. Wata uku, kalma shida! A kan kututture na zauna na yi ta kuka, sauro na cina.

To ga wutsiyar. Bari in sa tabarau… a lanƙwashe take, baki biyu suna neman haɗuwa. Awartaki. Wayyo, shi ne. Shi ne, Jyrki.

In na tura, fadama ta tsira. Ka ce "yauwa", ka juya bango.

In kuma na sake tura fuska? In na sake yin wautar? Da kana yaro ba ka iya jure ganin ana ɓata abu, sai ka fizge, "kawo, Mama, kawo!" Takalmanka suna nan bakin ƙofa, na goge su…

Yau Laraba. Yana motsi a yatsuna. Hannuna ya gaji.