Yawon Hure a Kan Ruwan Watari

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, har mutanen Gidan Tsamiya suka koma auna shinkafa da gwangwanin madara, a ita ce Malam Iliyasu ya ga ya dace ya kai matarsa yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, manomin albasa, mai furfura har a gira! Amma a yi masa adalci, ba shi ya fara ba.

Ɗansu Usaini, mai gyaran waya a Bacirawa, shi ya zo gida da Sallah ya nuna musu wani bidiyo. Jirgi ne wai, amma ya fi ƙauyen nan girma, bene kan bene, mutane sun miƙe a dogayen kujeru ana kawo musu abinci har gabansu. Kowa ya yi ta salati. Hure kuwa, matar Malam Iliyasu, tana gefe tana tankaɗe, ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Waccan matar ba abin da take yi? Tun safe?"

"Har mako guda, Inna."

Ta ce, "Ikon Allah," ta koma kan rariyarta.

Maganar nan ta tsaya wa Malam Iliyasu a rai. Shekara talatin da huɗu suna tare, ya duba ya duba, bai tuna ranar da Hure ta yini a zaune ba. Ko jego ma tana yi tana ɓarar gyaɗa. Kunya ta kama shi, ta gaske. Ya ƙudura a ransa sai ya ɗora ta a kan ruwa ta zauna haka kawai, ba tukunya ba turmi, ko da na awa biyu ne.

Ya je bakin dam ɗin Watari ya sami Madu, wani tsohon masunci ɗan asalin Borno mai kwalekwale. Suka yi ciniki a kan dubu uku, awa biyu. Da Usaini ya gaya masa a waya cewa shiga wancan babban jirgin sai da miliyoyi, dariya ya yi har da tari. "Turawa ba su iya ciniki ba. Ni dubu uku kacal!" Ya sayar da albasa ta dubu ashirin da biyar, ya ware uku, ya ce sauran na taki ne, ko aljani bai isa ya taɓa su ba.

Ɗan acaba ne ya fara taɓawa. Dubu biyu zuwa, dubu biyu dawowa, ya ce in an ga da tsada a je a tambayi gidan mai. Sai abinci. Hure ta ce, "Malam, ai sai in tashi da wuri in dafa mana dambu." Ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Dafawa? To me aka yi ke nan! Ya ware dubu uku na abincin saye. Sai laima saboda rana, sai takalmi, don nata silifa an ɗaure shi da waya har sau biyu. Wasu ukun suka bi. Ya zauna a zaure yana zane a ƙasa da tsinke, yana ce wa kansa har yanzu da saura.

Da abin ya tsaya nan, da an yi lafiya. Sai Hure, mace mai zumunci, ta shiga gidajen maƙwabta yin sallama. A Gidan Tsamiya kuwa wanda zai hau ruwa ba unguwa za shi ba, tafiya zai yi. Kafin la'asar gidan ya cika da mata, ana ta neman gafara, masu kuka suna yi. Asama'u, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta rungume Hure ta ce ta yafe mata zancen kazar nan ta shekara tara, duniya da lahira. Wannan ta kawo ƙuli-ƙuli, waccan ta kawo aya, duk guzuri. Wanda kuma ya karɓi guzuri, kowa ya sani, sai ya dawo da tsaraba. Malam Iliyasu ya ƙirga gida goma sha tara. Me ake tsaraba da shi daga dam in ba kifi ba? Dubu bakwai, kuma ƙanana. Liman ya zo ya yi addu'ar matafiya mai tsawo, goro da sadaka suka ci dubu biyu.

Daga nan aka shiga saƙo. Tun da kuɗin mota ya tashi, mutane sun daɗe ba su ga danginsu na ƙetaren ruwa ba. Asama'u ta ce 'yarta ta haihu a can, ga ɗan akuya da turmi a miƙa mata. Wani ya kawo rabin buhun gero. Wata ta kawo kaji huɗu da katifa.

"Jama'a, ku tsaya," in ji Malam Iliyasu. "Ba ƙetarawa za mu yi ba fa. Zagayawa za mu yi mu dawo."



Asama'u ta riƙe haɓa. "Ku biya kuɗi, ku shiga ruwa, ku dawo inda kuka tashi? Ba ku je wurin kowa ba?"

"Haka ake yi."

"Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya ga yadda ake kallonsa, ya ga Liman ya fara motsa baki kamar zai ƙara wata addu'ar. Kunya ta sa ya ce a kawo, ai wasa yake yi. Wayyo, wasa mai tsada! Acaba ba ya ɗaukar turmi da katifa da akuya, sai da aka fasa acaban zuwa aka ɗauko a-kori-kura a kan dubu biyar. Da suka isa bakin ruwa da hantsi, bayan ya biya kowa da komai, abin da ya rage a aljihunsa dubu biyu ne na komawa. Zancen taki kuwa ya daina yinsa ko a zuci.

Madu ya dubi kayan, ya dubi kwalekwalensa, ya sake duban kayan. "Malam, ƙaura kuka yi?"

"Saƙo ne."

"To, in na zuba wannan duka na ɗora ku biyu, sai dai mu gaisa da kifi a ƙasa. Amma in ka tsaya a nan, Inna ta riƙe dabbobin kada su yi motsi, za mu iya lallaɓawa."

Kafin ya rufe baki Hure ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta saɓa ɗan akuyar, ta ce a miƙo mata kajin, geron kuma za ta tokare shi da ƙafa. Ko a jikinta. Malam Iliyasu ya tsaya yana kallon dubu ashirin da ukunsa za su tafi a kan matarsa ta yi dakon akuya a tsakiyar ruwa. Ransa ya ɓaci, idonsa ya kaɗa.

"Ajiye akuyar nan!"

"Malam, amanar mutane ce."

"Ni aka ba, ni zan kai. Ke shiga ki zauna. Zama na ce, Hure, kada in ji kin taɓa ko tsinke!"

Ya shimfiɗa mata katifar mutane a cikin jirgin, ya ce wannan saƙon ya jira wata rana. Ya buɗe laima ya maƙala. Falta, matar Madu mai suyar kifi, ta ce za ta raka ta ta zuba mata abinci, kyauta, don ita ma tana son ganin ƙarshen wannan abu. Madu ya tura jirgi. Shi kuma ya ari baro, ya ɗora turmi da gero da kaji, ya ɗaura igiyar akuya a ƙugunsa, ya kama hanyar da ta zagaya bakin ruwa.

Kada Allah ya maimaita wa Musulmi irin wannan tafiya. Akuya ta ja gabas, baro ya ja yamma. Turmi ya gangara sau biyu, na biyun har cikin shinkafar wani, ya sha zagi. Kaza ɗaya ta kwance, dattijo ya bi ta da gudu babbar riga tana tashi. Da ya kai saƙon kuma, maimakon a tausaya masa, sai 'yar Asama'u ta ce ai ba ya koma hannu rabbana ba, ta ɗora masa kabewa uku da agwagwa a kai wa uwarta.

Ya dawo bakin ruwa bayan azahar, jiƙe sharkaf da gumi, ƙafa duk ƙaya. Ya hango jirgin a inuwar wata bishiya dab da gaɓa, Madu yana riƙe da shi. Ya matsa da ɗokinsa, yana so ya ji yadda ta ga tsuntsaye da faɗin ruwa. Sai ga Hure a miƙe kan katifa, laima ta karkace, baki a buɗe, tana ta sharar barci har da minshari.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Falta ta yi ƙasa da murya. "Ko tsakiya ba mu kai ba. Loma uku ta yi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa."

"Ba ta ga komai ba?"

"Ko ɗaya."

"Innalillahi! Albasata! Takina! Barci? Barcin da ake yi a gida kyauta?"

"A gidan, wa zai bar ta ta yi?" in ji Falta.

Ya daɗe yana kallonta. Shi dai bai san fuskarta da barcin rana ba, sai ya ga ta koma masa kamar yarinya, tausayi ya cika masa ƙirji.

Madu ya yi gyaran murya. "Malam, lokaci ya wuce tuni. In tashe ta?"

Malam Iliyasu ya sa hannu a aljihu ya zaro dubu biyun ya miƙa. "Ƙara mata awa ɗaya. Ka bi a hankali."

"Da me za ku koma gida?"

"Da ƙafa. Ka yi ƙasa da murya mana!"

Jirgi ya sake zamewa cikin ruwa. Agwagwar nan ta miƙa wuya za ta yi kuka, ya yi wuf ya damƙe bakinta da hannu biyu, ya zauna a kan kabewa yana jira.