Farin Jinin Baba

Laifin na Auta ne, kuma ta sani. Ranar da likita ta ce mahaifinta yana da kansar jini, irin mai tafiyar hawainiya da ake dannewa da ƙwaya ɗaya kullum, tsohon yana can ɗakin awo ana duba nauyinsa. Da ya fito ya tambaye ta me aka ce, sai ta ɓoye masa sunan cutar. Likita dai cewa ta yi fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa. Auta kuwa ta gutsure maganar.

"Baba, wai farin jini ne ya yi maka yawa."

Ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai tun ina saurayi nake fama da shi. Je ki tambayi uwarki."

Baba mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi ɗaukar mutum biyu ba, amma bakinsa ya ishi layin duka. Kafin sati ya zagayo, har mai facin tayar da ke kusurwa ya ji cewa asibiti ta tabbatar da farin jinin tsoho.

Wata biyun farko lambar da ke takardar gwajin jininsa ta yi ta sauka. A na uku ta juya. A na huɗu ta haura sosai, likita ta cire tabarau ta dubi Auta.

"Yana shan maganin kuwa?"

"Da hannuna nake ba shi kafin ya fita."

"In yana sha lambar tana hawa, to ƙwayar ta daina aiki, sai mu koma magani mai nauyi. In ba ya sha, gyaran mai sauƙi ne. Ki bincika."

Da rana tsaka ta faɗa shagon. Baba ya maƙala gilashi a ido, ya duƙufa kan wani agogon hannu. Ta shiga jan aljihunan teburinsa. A na ƙasa, cikin gwangwanin ƙananan batura, ga ƙwayoyin maganin nan farare tas, ashirin da uku. Ta juye su a tafin hannunta.

"Baba, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. "Tashin zuciya suke sa ni, 'yar nan, hannuna ya riƙa rawa. Wa zai ba mai rawar hannu agogonsa? A kumatu nake ɓoyewa in fito da ita. Kuma ina kika taɓa jin an sha maganin farin jini?"

Tsoro ya kama ta, haushin kanta ya fi tsoron. Ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Ƙarya na yi maka. Kansa ce, ta jini."

Ya zare gilashin a hankali ya ajiye. Agogunan bango suka yi ta bugawa, kowanne da nasa lokacin.

"Kisa take yi?"

"In an ƙyale ta. In ana shan ƙwayar, likita ta ce mutane suna shekaru suna harkokinsu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata huɗu."

"Shekara arba'in ina wannan sana'a," in ji shi, "ban taɓa ɓoye wa mutum abin da ya lalace a agogonsa ba. Miƙo min ruwa in sha ƙwayar."

Washegari shi ya riga ta shiri. A ƙofar likita ya tare ta da hannu, ya shiga shi kaɗai, ya fayyace komai, har zancen kumatu. Likita ta yi faɗa, ta yi dariya, ta sauya masa lokacin sha, ta ƙara masa maganin tashin zuciya.

Bayan sati shida aka sake gwaji. Auta ta kasa zama, sai kai da komo take yi a baranda har ya fito da takardar a hannu.

"Ta sauka," ya ce. "Ba ta kai inda ake so ba, amma ta kamo hanya."

Ta miƙa hannu za ta karɓa kamar yadda ta saba, hawaye na zuba. Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa, ya dafa kanta.

"Wata huɗu kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Sauke haka, Auta. Ciwon nawa ne, ke ki riƙa rako ni kawai."