Karfasar Zubairu a Watan Ɗuba

Kifi bakwai Zubairu ya bar wa matarsa Fatna. Ban da su sai hula biyu da wata tsohuwar koma da ya gudo da ita tun daga Mai Wurno lokacin da yaƙi ya taso su daga Sudan, kamar an ce masa in ya iso Alƙahira za a damƙa masa kogi. Ba wanda ya ba shi kogi. Abin da ya samu shi ne ɗakin mai gadi a wani tsohon gida a unguwar Abbasiya, da lambu mai bishiyar lemo uku, da ɗan tafkin siminti a tsakiyar lambun wanda ya shekara ashirin bai ga ruwa ba. Mai gidan, Hajiya Eman, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, daga bene take leƙo duniya.

Masunci kuwa ba ya iya kallon busasshen tafki ya kau da kai. Zubairu ya share shi, ya liƙe tsagarsa, ya cika shi da ruwa, ya je bakin Nilu ya roƙi masu jirgi 'ya'yan karfasa bakwai a bokiti. Duk tsawon lokacin zafi, da an yi la'asar yana bakin tafkin yana watsa musu dusa yana yi musu hira. Fatna takan ce da shi tun da ya samu abokan zance, to su riƙa dafa masa shayi ma.

A ƙarshen Oktoba ciwo ya kwantar da shi, ya daina cin abinci. Ita kuwa Fatna magani ɗaya ta sani a duniya, shi ne tukunya. Mai zazzaɓi ya ci, mai fushi ya ci, wanda aka yi wa rasuwa ma ya ci. Ta tuƙa asida, ta soya kisra, wainar nan tasu ta Sudan, ta yi romo, yana kau da fuska.

"Malam, ko loma ɗaya ce ka daure."

"Na ƙoshi, Fatna. Ajiye kwanon nan, ki zauna."

Ba ta zauna ba. Ta ce asidar ce ta yi masa nauyi, bari ta dama kunun gyaɗa. Da ta dawo da kofin yana tururi, ya riga ya cika. Wannan kofi bai bar ta ba. Ko'ina ta juya a cikin takabarta tana jin zafinsa a tafin hannu.

Wata huɗu da kwana goma ba inda za ta je, daga ɗaki sai lambu. Ta gaji aikin la'asar, kifayen kuma suka karɓe ta ba musu, da inuwarta ta faɗa kan ruwa sai su taso suna buɗe baki. Ranta ya ɗaure a kansu fiye da yadda za ta yarda ta faɗa. A ganinta, muddin bakwai ɗin nan suna motsi, akwai sauran abin da Zubairu ya taɓa da hannunsa wanda bai mutu ba.

Sai sanyi ya shigo, irin wanda ba ta taɓa sani ba. A Mai Wurno sanyi na safe ne, hantsi na yi ya kama gabansa. Na Alƙahira kuwa a cikin bango yake kwana, ya bi tayil ya hau ƙafa, rana ta fito fara sol ba ta gasa komai. Da watan da Misirawa ke kira Ɗuba ya kama, wata la'asar ta watsa dusa, ba wanda ya taso. Ta durƙusa ta leƙa. Suna can ƙasa a jere, sun fuskanci waje ɗaya, ko jela ba sa kaɗawa.

Ta san wannan kau da fuskar.

Shekara arba'in tana auren masunci ba ta taɓa jin kifin da ya ƙi abinci ba, don a koginsu ba a yi shi ba. Saboda haka ta yi abin da ta iya. Ta ce dusar ce ta gundure su, ta marmasa musu kisra. Ta dafa shinkafa ta yi laushi. Ta murje gwaiduwar ƙwai. Da ta ga duk a banza, ta dafa ruwa a buta ta tsiyaya a gefen tafkin don su ji ɗumi, kamar mai haɗa wa jariri ruwan wanka. Abincin ya yi ta nutsewa yana taruwa, ruwan ya koma kalar tsari, ya fara wari. A rana ta shida da safe ta tarar da biyu sun juya farin ciki sama.

Tana tsugune da su a hannu, kwanon shinkafa a gefe, sai ta ji ƙarar sanda a kan matakala. Hajiya Eman ce, wadda rabonta da lambu tun Ramadan, ta sauko cikin rigar ulu biyu tana haki.

"Ya Fatna, kwana shida ina kallonki ta taga. Walima kike yi musu?"

"Sun ƙi ci, Hajiya. Haka shi ma ya fara."

Tsohuwar ta dubi kifin, ta dubi matar. Sannan ta zauna a bakin simintin da ƙyar.

"Ma'alish, yi haƙuri. Ubana tafkunan bulɗi, karfasarku ke nan, yake da su a Fayyum, a cikinsu na girma. Wannan kifin ɗan zafi ne kamar ku. In Ɗuba ya zo cikinsa tsayawa yake yi, ya sauka ƙasa ya kwanta. Abin da kika zuba ruɓewa yake, shi ke kashe su. Ruwan zafin ma ki bari, yana ruɗa su."

"To me zan ba su?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya?"

"Khalas, ba komai. Ki kwashe ƙazantar, ki sauya ruwan kaɗan-kaɗan, ki rufe da leda, ki bar kafar iska. Sai ki zauna."

Fatna ta yi duk abin da aka ce. Ta tace ƙasan tafkin da rariya, ta sauya bokiti biyu kullum har ruwan ya washe. Ta gicciya sanduna, ta shimfiɗa farar leda mai kauri, ta ɗora komar Zubairu a kai ta danne bakinta da duwatsu don kada iska ta yaye. Wannan duk mai sauƙi ne. Na ƙarshen ne ya zame mata aiki. Sau uku tana samun kanta a bakin tafki da dusa a hannu ba ta san lokacin da ta ɗebo ba, sai ta watsa wa tantabaru tana yi musu tsaki, su da ba su yi mata komai ba.

A hankali ta koyi zaman. Takan kawo kujera 'yar tsugunno bayan azahar, ta lulluɓa da bargonsa. Rana na bugun ledar, raɓa na taruwa a ciki tana gangarowa ɗigo-ɗigo, inuwar komar na kwance a kan ruwa. Hayaniyar motocin Abbasiya takan ja baya har ta koma kamar ƙarar ruwa a nesa. Wani lokaci tsakanin gyangyaɗi da farkawa tafkin yakan faɗaɗa, bishiyoyin lemo su matsa, sai ga kogin Mai Wurno da hazonsa na safe, ga kwalekwale ɗaya tsaye a tsakiya ba ya gaba ba ya baya. Mutumin ciki bai jefa koma ba, bai kuma kira ta ba. Zaune kawai yake, ita ma tana zaune a gaɓa. Takan farka da hawaye a kumatu, amma ba irin mai ɗaci ba.

Kowace safiya ta ɗaga gefen ledar ta ƙirga. Biyar. Akwai ranar da aka yi ruwan sama mai sanyin ƙanƙara, ta ƙirga huɗu, ta tsaya riƙe da ledar har hannunta ya sandare, sannan na biyar ya ɗan gusa daga bayan dutse. Ta yi masa faɗa sosai.

Ɗuba ya wuce, iskar bayansa ta yi haukanta ta gaji. Lemo ya fara fure. Kwana biyu kafin ta fita takaba, Hajiya Eman ta leƙo ta taga da hantsi.

"Sa hannunki a ruwan. In bai cije ki ba, yalla, ki ba su kaɗan. Kaɗan na ce."

Fatna ta yaye ledar, ta naɗe komar. Ruwan bai cije ta ba. Ta ɗebo dusa a tafin hannu ta dawo, inuwarta ta faɗa kan tafkin. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai ɗaya ya kaɗa jela, ya taso a hankali kamar mai tashi daga doguwar jinya, sauran huɗun na biye da shi. Sun rame, amma ga su nan, bakuna biyar a saman ruwa.

Ta ɗaga hannu za ta watsa, sai ta tsaya. Ta jawo kujerar, ta gyara zani, ta zauna sosai, dusar na dunƙule a hannunta.

"To, Malam," ta ce a hankali, "ga ni na zauna."

Ta daɗe a haka, kifayen na kewaya inuwarta, kafin ta buɗe hannun.