Tarihin Tasha Babu Shekaru

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 2017, tsohon shugaban makaranta ya kunna kwamfutarsa domin ya aika wa maɗaba'a littafinsa na tarihin tashar jirgin ƙasa ta garinsu, shafi ɗari uku da tamanin da shida. Fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Takardun da ya rubuta da hannu kuwa tuni ya ƙona su, bisa ra'ayinsa na cewa mai ilimin zamani ba ya tara tarkace. Ga shi bikin cikar tashar shekara ɗari ya ƙarato, an kuma yi shelar littafin.

Aka kira mijin autarsa, wanda dangi ke ce wa Injiniya tun ranar da ya gyara fankar falo.

"Baba, kwantar da hankalinka. Wannan ai aikin yara ne."

"To, yaran suna ina?" in ji tsohon.

Injiniya ya buɗe fayil ɗin da wata ƙaramar manhaja ta rubutu zalla, wadda ba ruwanta da ado. Sai ga jimlolin tsohon sun bayyana, tsamo-tsamo cikin shirmen alamomi da lambobi. Da tsohon ya hango sunan shugaban tasha na farko, sai da ya cire tabarau ya goge ido.

Injiniya ya shiga tsince shirmen ɗaya bayan ɗaya, har wuyansa ya ƙage. Can basira ta sauko masa. Ya lura yawancin dattin lambobi ne, don haka ya umarci na'ura ta share kowace lamba, daga sifili zuwa tara. Ya kuma adana aikin a kan tsohon fayil ɗin, wai kada a cika wa kwamfuta ciki.

Tsohon ya gyara murya ya karanta: "An aza harsashin tashar a shekara ta, jirgi na farko kuma ya iso ranar ga watan Afrilu."



"Injiniya, ina shekarun?"

"Ai labarin na nan, Baba. Lambobi ne kawai suka tafi."

"Lambobi ne kawai. Madalla. Allah ya so al'umma ba likita ka zama ba. Da ka zare wa majinyaci ƙasusuwa, ka ce ai naman na nan."

Auta ta leƙo daga kicin. "Haba Baba, ba ka haddace su ba?"

Ya haddace wasu, amma mutumin da ya shafe rayuwarsa yana zane ɗalibai kan kuskuren shekara guda ba zai buga ƙiyasi ba. Ya bi littafin shafi-shafi, duk inda ya tarar da giɓi ya rubuta "a wancan zamani", yana yi yana tsaki.

Littafin ya fito kafin bikin. A jawabinsa, shugaban tasha ya ce shi ne littafin tarihi na farko da ya karanta har ƙarshe.