Numfashi Uku

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinka matasan kai a masana'antar nan, kuma sai da ya rage kwana huɗu in ajiye aiki aka kawo mini sabuwar ma'aikaciya wai in koya mata. Doguwa ce, ta kusa arba'in, daga kamfanin buhuna ta zo, hannunta na gudu kamar ana korar sa. Kafin tsakar rana mun laƙaba mata Mai Sauri.

Ɗakin aikinmu dogo ne, tagoginsa can sama suke. Da hantsi rana kan leƙo ta tarar da burbushin auduga na yawo a iska, ba ya hawa ba ya sauka. In ka daɗe kana kallo sai ƙarar kekunan ɗinki ta yi nisa, ka manta a wace shekara kake. Ni dai nan na tsufa ban sani ba.

Muna da wata al'ada da marigayi Maigida, mai masana'antar, ya kafa. In an cusa auduga an ɗinke baki, sai ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan matashin, ka ɗora kunne, ka rufe ido, ka ja numfashi uku. Sauraro muke ce masa. Da shi ake jin gurya, ƙwayar audugar nan da kan ɓuya a ciki, ko curin da zai hana wani barci ya rasa dalili. Da na ce wa Mai Sauri yanzu sai ta saurari matashin, sai ta waiga bakin ƙofa tana neman saurayin, ta ce ita fa matar aure ce. Masu ɗinki sun yi dariya har wata ta soke yatsa.

Amma dariyar ba ta kai mini zuci ba, don na san abin da nake koya mata ya kusa mutuwa. 'Yar Maigida ce manaja yanzu. Ta dawo daga karatu da wata na'ura mai haska cikin matashi, da sabon littafin ƙa'idoji wanda ba a ambaci sauraro a ciki ba ko sau ɗaya. Ta tara mu ta yi bayani cikin ladabi: numfashi uku a kan matashi ɗari huɗu lokaci ne mai yawa, daga farkon wata an daina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburina ce ke lissafa mini numfashi.

Duk da haka na ci gaba da koya wa Mai Sauri. Na ce in ma kwana huɗu ne, ta tafi da shi a kunnenta.

Ran kwana na uku ta ɗora kai a kan wani matashi, sai ba ta ɗago ba. Na ƙirga uku, na ƙirga goma. Baiwar Allah ta yi barci, hannu ɗaya riƙe da almakashi, auduga na sauka a kan ɗankwalinta. Dama ta faɗa mini wata biyu ke nan tana jinyar mahaifiyarta, barcinta rabi da rabi ne. Na zare almakashin a hankali na ƙyale ta. Kekuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, sai na waiga na ga dalili: Manaja ce tsaye a bayana. A sabon littafi, barci a bakin aiki kora ce, balle ga wadda ba ta cika mako ba.

"Inna, kin ga abin da nake faɗa ko?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na gani, Auta," na ce. Rabona da kiran ta haka tun tana 'yar makaranta. "Amma a ɗakin nan ba a yanke hukunci sai an saurara."

Na jawo matashi ɗaya daga tulin da na'urarta ta ce lafiya lau, na shimfiɗa masa ƙyalle. Gaskiya ban san me ke cikinsa ba. Ta dube ni, ta dubi ma'aikata, kamar za ta juya. Sai kuma ta cire tabarau ta sunkuya.

Na fara ƙirga mata. A na biyu kafaɗunta suka sauko. A na uku fuskarta ta koma ta yarinyar nan da mahaifinta kan ɗaga sama ya ɗora mata kai a kan matashi, ya tambaye ta me ta ji. Na ga kamar yana tsaye can ƙarshen ɗaki cikin hasken taga, da tef ɗin awo a wuya. Na daina ƙirga.

"Akwai gurya a gefen hagu," ta ce, idonta a rufe.

Na farke ɗinkin, ƙwayar ta faɗo kan tebur ta gangara. Ta ɗauka ta juya ta a tafin hannu ta daɗe, sannan ta ce kada a tashi Mai Sauri sai lokacin hutu. Daga nan ta fita. Na'urar tana nan har yau, kuma ba na ƙin ta, tana kama allura fiye da kunnena. Sai dai washegari an ga layi ɗaya rubuce da biro a ƙasan shafi na bakwai na sabon littafin: bayan na'ura, numfashi uku.

Ranar da na ajiye aiki suka ba ni kyautar matashi. Mai Sauri ce ta ɗinka, ta ce ta saurare shi ba ta yi barci ba, Manaja ma ta sake saurara bayanta. Da na isa gida da yamma ko mayafi ban cire ba, na ɗora kunne a kai na rufe ido, ina neman kuskurensu. Na ja numfashi uku, na ƙara uku. Ban ji komai ba, sai hawayena da ke jiƙa ƙyallen.