Zuma Ba Suga Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Shitu yana huda cikinsa safe da yamma, har fatar wurin ta koma kamar rariya. Malamin lissafi ne a wata firamare a Bebeji, kuma yakan ce duk lissafin da ya ɗura wa 'ya'yan mutane bai yi masa rana ba sai da ciwon suga ya kama shi. Da safe ya tsaga ɗan yatsa, ya ɗiga jini a 'yar na'urarsa, ta faɗa masa matsayinsa a duniya. Daga nan ya zuƙi insulin a sirinji ya soka. Dokar guda ce: in allura ta shiga, abinci ya bi bayanta kafin rabin awa. In bai bi ba, sai ta cinye ɗan sugan da ke jininsa ta kayar da shi. Shi ya sa aljihunsa na dama ba ya rabuwa da ƙwayar suga shida a ƙulle a leda.

Wannan ledar ce ya kasa fahimtar da danginsa. Ya yi bayani da baki, ya zana a ƙasa da tsinke, duk a banza. Mai ciwon suga da suga a aljihu, a wurinsu ba shi da maraba da mai tari da taba a kunne.

Babba a cikin waɗanda ba su gane ba ita ce Yaya Asibi. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau, da furfurarsa da komai, in ta ce "Shitu" sai ya ji kamar ya durƙusa. Tana aure a wani ƙauye bayan Doguwa, a ƙetaren rafi. 'Yarta Fa'iza ta zo gida haihuwar fari, aka sa ranar suna, kuma kawu ba ya aika uzuri.

Ya isa ana gobe suna. Damina ta yi nisa, rafin ya kai gwiwa, sai da suka tura babur ɗin shi da mai shi. Kwalaben insulin ɗinsa biyu ya naɗe a tsumma mai laima, ya tura su cikin yashin gindin randa, don garin ba wuta. Yaya Asibi ta tsaya a kansa tana kallo.

"Har yanzu kana wannan soke-soken?"

"Har yanzu, Yaya."

"Shekara nawa, ba ka warke ba. In ni ce da tuni na gane ba magani ba ne. Kawo babbar rigar a goge maka, ta yi kamar an ƙwato ta daga bakin saniya."

Ya miƙa mata. Ruwa kuwa ya tsuge tun bayan magariba, bai ɗauke ba sai da gari ya waye.

Da aka idar da sallar asuba maza suka cika zaure. Malam Shitu ya leƙa ya ga an jere farantan waina, ga miyar taushe tana tururi, ga butar shayi. Ya ce a ransa, yau abinci ne ke jiran mutum. Ya koma ɗakin da aka sauke shi, ya gwada: ɗari da ashirin da huɗu. Lamba mai mutunci. Ya ɗage riga ya soka allura, ya zura babbar rigarsa mai ƙamshin gawayi, ya shafa aljihun dama. Ledar na nan, da 'yan dunƙulallun abubuwa a ciki. Ya fito da ƙwarin gwiwa.

Malam Ukasha, limamin garin, ya yi addu'a, aka raɗa wa jariri suna Muhammad, aka shafa. Aka fara tura faranti. Malam Shitu ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai hannu ke nan sai farantin ya ja da baya. Alhaji Buba ne, mijin Yaya Asibi, ya janye shi.

"A'a, Malam. Wannan na masu lafiya ne. Yayarka ta yi mini kashedi tun jiya. Naka na musamman yana kan wuta."

"Alhaji, biyu kawai zan ci in tare cikina."

"Wainar shinkafa? Da suga a ƙullun? So kake a ce a gidana aka kashe ka?" Ya juya ga jama'a. "Kun gan shi nan, ciwon masu kuɗi ya kama malamin firamare. Ciwon ma ɓatan kai ya yi."

Aka yi dariya. Malam Shitu ma ya yi, don shi ya fara ƙirƙiro wannan barkwancin shekarun baya, ga shi yau ya dawo masa a bakin wani. Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya yi sallama.

"Yaya, me ake dafa mini?"

"Tuwon alkama da miyar kuɓewa ɗanya," ta amsa daga madafa. "Tun daga Tudun Wada na sa aka sayo alkamar saboda kai. Itacen ne ya jiƙe, yanzu ruwan ya fara ɗumi."

"Yaya, na riga na yi allura."

"To, ai ka sha maganinka ke nan. Je ka zauna, kada ka tsaya mini a ka cikin mata."

Ya koma ya zauna. Ya duba agogo, minti ashirin da biyar da yin allura. Ba komai, in ji shi, ai da guzurina. Ya bari aka ɗan jima don kada a ce ya cika raki. Sai da ya ji gumi ya tsattsafo masa a ƙeya, da sanyin safiyar nan, sannan ya juya wa mutane kafaɗa ya zaro ledar. Ya kwance ta.

Namijin goro ne guda shida.

Ya daɗe yana kallonsu. Har adadin ta cika masa, ba ta rage ko ɗaya ba. Yaya Asibi ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba.

"Yauwa," in ji Alhaji Buba, da ya leƙo. "Ta ce ta tsinci suga a aljihunka, ta zuba a shayin baƙi. Wannan ɗacin shi ne daidai da kai. Ci mana."

"Alhaji, ba ni shayin nan." Ya ji harshensa ya yi kauri kamar an cusa masa auduga. "Sugana ya sauka. Don Allah, kurɓa biyu."

"Ya sauka? To alhamdu lillahi! Ba abin da ake nema ke nan ba?"

"Ya sauka da yawa."

"Kai Malam, akwai wanda ya taɓa kuka don ciwo ya yi masa kaɗan?"

Zauren ya sake ɗaukar dariya. Malam Shitu ya ga kofin shayi a gaban wani dattijo, kofin ya rabu biyu, ya rasa wanne ne na gaskiya. Ya kai hannu ya kama na ƙaryar. Na gaskiyar ya kife a kan rigar dattijon.

"Subhanallahi! Wannan wane irin kwaɗayi ne?"

"Ku ba ni suga!" Muryar da ta fito ba ta malamin makaranta ba ce. "Suga! Buba, kai jaki ne? Ba ka jin Hausa?"

Shekara talatin da biyar Malam Shitu bai taɓa kiran mijin yayarsa da sunansa gatsal ba, ko a bayan idonsa. Wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, wanda bai riga ya mutu ba, ya ji abin da bakin ya faɗa, ya kuma yarda da shi.

"Wannan ba shi ba ne," in ji wani. "Ku dubi idonsa. Shafar iska ce, jiya da magariba ya ƙetaro rafin nan."

Ya yunƙura zai rarrafa wurin butar shayi, maza huɗu suka danne shi. Ƙarfafa ne, manoma, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Ɗaya ya ɗauke butar ya kai ta can bakin ƙofa don kada ya cuci kansa. Yaya Asibi ta fito da muciya a hannu tana salati.

"Kada wanda ya ba shi! Ko zai mutu kada a ba shi suga! Ni na goye shi, ba zan ga an kashe mini shi ba!"

Ya so ya ce mata, Yaya, hakan kuwa za a yi. Amma leɓensa ya ƙi motsi. Rufin zauren ya yi nisa, muryoyi suka koma kamar daga cikin rijiya.

Malam Ukasha ne kaɗai bai ɗaga murya ba. Ya jawo jakarsa ya fito da wata 'yar jarka, rubutun da ya yi wa mai jego. Shi kuwa al'adarsa, ba ya wanke allo sai ya kaɗa zuma a ruwan, zuma ta gaske daga amyar bayan gidansa, kuma ba ya yi mata rowa.

"Ku ɗago kansa. Yana iya haɗiya?"

Aka ɗago. Abu mai zaƙi ya taɓa harshen Malam Shitu, maƙogwaronsa ya karɓa tun kafin a roƙe shi. Ya haɗiya, ya sake haɗiya. Ya damƙi jarkar da hannu biyu, Malam ya sakar masa, ya shanye rabon Fa'iza tas.

Kafin minti goma sha biyar rufin zaure ya dawo inda yake. Ya ga fuskoki sun yi masa rumfa, ya ga rigarsa jiƙe, ba duka da gumi ba. Aka ɗauki kabbara.

"Kun gani da idonku," in ji Alhaji Buba. "Jaki dai ya ce da ni, amma na yafe, ba shi ya faɗa ba."

Malam Shitu ya nemi gafara, ya yi wa Malam Ukasha godiya, kuma har zuciyarsa ya yi ta. Aka kama shi aka kai ɗaki, barci ya ɗauke shi.

Da ya farka rana ta take tsaka. Ga tuwon alkama a rufe a gefensa, ya iso a lokacinsa. Ya lallaɓa gindin randa ya tura hannu cikin yashi. Ya tona nan, ya tona can. Sai tsumman kawai.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Yaya Asibi daga bayansa. "Suna masai, har da alluran."

Ya juyo a durƙushe. "Yaya, me kika yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun shekara goma. Ta taga na hango ka da safe. Ka fito sallah lafiyarka ƙalau, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ka soka abin nan a cikinka. Ko awa ba a yi ba ka faɗi kana zagin mijina. Ƙarya na yi?"

Ya buɗe baki. Shekara ashirin da shida yana koya wa yara cewa in lissafi ya fita daidai a karɓe shi ko daga bakin wa ya fito.

"Ba ki yi ƙarya ba, Yaya. Amma in babu ita..."

"Allura ta kayar da kai, rubutu ya tashe ka, a gaban mutum arba'in. Sauran me?"

"Zumar da ke ciki ce ta ɗaga sugan."

"To ka gani, da bakinka. Zuma waraka ce."

"Yaya, zuma suga ce."

"A'uzu billahi. Zuma ba suga ba ce. Suga na kanti ne. Boko ya gama da kai, Shitu."

Ya tashi ya sa hula ya nufi rafi. Tun daga nesa ya ji rurinsa. Ruwan ya haura gaɓa, ja wur, yana tafe da itatuwa. Masu babura na zaune a gindin ɗorawa, suka ce in ba a ƙara ruwa ba, wataƙila jibi ko gata. Ya ɗaga kai, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira matarsa Halima, ta ce za ta nemo wasu kwalaben ta taho. Ya ce ta taho ɗin, ta tsaya a wancan ƙetaren su riƙa ɗaga wa juna hannu.

Da yamma na'ura ta ce ɗari uku da goma. Washegari ta ce ɗari huɗu da sittin. Ƙishirwa ta sa ya kusa ƙafar da randa, hanyar bayan gida ta san takunsa. Yaya Asibi kuwa ba ta taɓa kula da shi kamar haka ba tun yana goye. Malam Ukasha ya aiko da jarka babba ta rubutu da zuma, Yaya ta zauna a gabansa safe da yamma da kofi. In ya kau da kai sai ta fara share hawaye da gefen mayafi, ta tuna masa daren da ta kwana tsaye da shi yana ƙyanda. Ayoyin Allah ne a ciki, ba ya iya tofarwa. Yana sha.

A rana ta uku aka sake kwana ana ruwa. Ya zauna a bakin ƙofa, numfashinsa na fita da wani irin wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro, ya tsaga yatsa da ƙyar. Na'urar ta yi ɗan tunani, sannan ta nuna haruffa biyu, ba lamba. Ya san ma'anarsu. Abin ya wuce inda take iya ƙirgawa.

Yaya Asibi ta sunkuyo da kofi a hannu ta leƙa.

"Yau nawa ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Yaya."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, fuskarta ta washe. "Ka ga ko ita ta nema ta rasa. Buɗe bakin."